Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka taka gaɓar teku a kudancin Ingila

Ɗaliban da suka je karatu Birtaniya da baƙin da suka sauka Landan kan samu wanda zai ce musu, "Gobe mu je Seven Sisters mu sha iska." Wurin jerin tsaunukan alli ne farare tas da suka tsaya ƙiƙam a bakin teku, tsakanin garuruwan Seaford da Eastbourne a yankin East Sussex. Daga tashar Victoria ta Landan, jirgin ƙasa kan kai mutum Eastbourne cikin kamar awa ɗaya da rabi. Cikakkiyar tafiyar ƙafa daga Seaford zuwa Eastbourne ta haura kilomita 20, amma yawancin mutane gutsure suke yi: ko daga Birling Gap zuwa hasumiyar Belle Tout, wadda ba ta kai kilomita 2 ba, ko daga Exceat a bi shimfiɗaɗɗiyar hanya zuwa inda kogin Cuckmere ya faɗa teku. Gajartar tafiyar ce ke sa mutane su raina ta, su fito da shigar zuwa kasuwa.

Takalmi kafin komai

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, to kashe shi a ƙafa. Saman tsaunukan gajeriyar ciyawa ce a kan alli, kuma da zarar an yi yayyafi sai ta koma santsi, musamman a gangara, don hanyar hawa da sauka ce. A ƙasa kuwa, ba rairayi za ka tarar ba. Tsakuwa ce manya-manya masu mirginawa ƙarƙashin tafin ƙafa, sai shimfiɗar alli mai koriyar gansakuka da ke bayyana idan ruwa ya janye. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa ba su da amfani a nan. Kambas mai kaushin ƙasa, mai igiya, ya wadatar a ranar da ƙasa ta bushe. Idan an kwana ana ruwa, takalmin da ya rufe idon sawu ya fi. Kada ka ɓare sabon takalmi ranar, zai ci maka dunduniya kafin ka juyo. Ka jefa safa ta biyu cikin jaka.

Iska ce matsalar, ba ruwan sama ba

Mutum ya saba jin cewa Ingila ƙasar ruwa ce, sai ya ɗauko lema. A bakin tsaunin lema ba ta daɗewa: iskar da ta saba kaɗowa daga kudu maso yamma tana zuwa ne kai tsaye daga teku, ba bishiya ba gini, za ta juya ta ta karya ƙarafunan. Abin da ke aiki shi ne rigar ruwa mai hula da zik, wadda ke tare iska da yayyafi gaba ɗaya.

A ƙarƙashinta, riga bisa riga ya fi jibgegiyar rigar sanyi guda ɗaya. Dalili kuwa, a hawa za ka yi zufa, a tsaye kuma iska ta busar da zufar ta bar ka kana rawar ɗari. Wanda ya sa siririyar riga, sannan suwaita, sannan rigar ruwa, yana iya cire ɗaya ya mayar yadda jikinsa ya nema. Auduga tana riƙe jiƙa, shi ya sa wandon jins idan ya jiƙe yake yini a jiƙe, ga nauyi ga sanyi. Ulu ko yadin 'yan wasanni sun fi saurin bushewa.

Ga masu son fita da kayan gida, a bar babbar riga a masauki, don iska na cika ta kamar tanti, tana jan mutum inda bai nufa ba. Kaftani da wando ba laifi idan akwai suwaita a ciki. Ga mata, sutura ba ta hana tafiyar: ɗan ƙaramin hijabi mai kama fuska, wanda za a cusa ƙasansa cikin rigar ruwa, ya fi gyale da za a yi ta kokawa da shi da hannu biyu. Doguwar riga kada ta ja ƙasa, kuma a sa wando a ciki. Hular zanna ko ta saƙa, in ba a kula ba, teku za ta karɓe ta. Hular sanyi mai rufe kunne ita ce ta wurin.

Cikar teku da janyewarta

Nan ne wanda ya tashi nesa da teku ya fi buƙatar bayani, har ma wanda ya san bakin ruwan Legas ko Accra, inda bambancin cika da janyewa bai kai mita 2 ba. A wannan gaɓar bambancin kan haura mita 6. Teku tana cika sau biyu, ta janye sau biyu cikin kusan awa 24 da minti 50, wato lokacin na jinkirtawa da kamar minti 50 kullum. Saboda haka lokacin da abokinka ya faɗa maka na makon jiya ba zai yi maka aiki yau ba. Mai bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan: cika mafi ƙarfi tana zuwa ne a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, lokacin da rana da wata ke jan ruwan ta layi guda.

Abin da ke faruwa shi ne, mutum ya sauka matakalar Birling Gap ruwa na can nesa, ya bi gindin tsauni yana ɗaukar hoto. Ruwan ba ta gabansa kaɗai yake zuwa ba. Yana zagayowa ta kwaruruka ya datse hanyar komawa, bayan mutum kuma bangon alli ne da ba ya hawuwa. Kafin ka sauka, duba jadawalin cikar teku na ranar a waya, ka shiga lokacin da ruwa ke janyewa, ka fito tun bai juyo sosai ba. Kada kuma ka zauna cin abinci a inuwar tsaunin, domin alli na ɓallewa ba gargaɗi.

Bakin tsaunin ba shi da shinge

Mafi yawan hanyar a buɗe take, kuma ƙasar da kake gani a baki sau da yawa ruwa ya riga ya cinye ƙarƙashinta. Zaizayar ba wasa ba ce: a 1999 sai da aka ɗaga hasumiyar Belle Tout gaba ɗayanta aka ja ta baya mita 17 don kada ta rufta. Tsaunin Beachy Head da ke gaba kaɗan tsayinsa mita 162 ne. A 2017 wata ɗaliba 'yar Koriya ta Kudu ta rasu bayan ta faɗo daga tsauni kusa da Cuckmere Haven, wato bakin kogin Cuckmere, wajen ɗaukar hoto. Ka bar aƙalla mita 5 tsakaninka da baki, yara kuma a riƙe hannunsu.

Abin da zai shiga jaka

Jakar goyo ƙarama, don hannuwa su zama a sake. Gorar ruwa, dabino ko gyaɗa, filas na shayi idan lokacin sanyi ne. Akwai wurin shan shayi da banɗaki a Birling Gap, amma tsakanin tsaunukan babu ko famfo, saboda haka ka yi alwala kafin ka hau, ka naɗe siririyar sallaya. Ruwan teku ya halatta a yi alwala da shi, sai dai sanyinsa da santsin duwatsun ba su sa abin ya yi sauƙi ba.

Rana ma tana ƙuna a watannin Yuni da Yuli, iska ce kawai ke ɓoye zafinta, farin alli kuma na mayar da haske cikin ido. Tabarau da man kare fata suna da amfani ko ga baƙar fata. A Disamba kuwa rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, don haka wanda ya tashi bayan azahar yana iya dawowa cikin duhu.

Cika wayarka da caji, ka sauke taswira tun kana gida, don sabis na ɗaukewa a wasu kwaruruka. Ka sanar da wani inda ka nufa da lokacin da za ka dawo. Idan ka ga ruwa ya tare wani, ko ya tare ka, kada ka gwada hawan tsaunin ko shiga ruwan: kira 999 ka nemi a haɗa ka da Coastguard, wato jami'an ceto na gaɓar teku.