Ɗan Riƙo da NIN: Sunan Wa Za Ka Rubuta a Gurbin Uba?

A Rimaye, kamar sauran garuruwanmu na yankin Kankia da Kusada, da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da ɗan riƙo ba. Goggo ta ɗauki 'yar ƙaninta, kawu ya ɗauki maraya. A da, magana ce ta baki tsakanin dangi. Yanzu kuwa akwai fom, kuma galibi mu masu waya ake miƙo wa mu cike.

Kwanaki wani dattijo ya zo min da yaron da ya raina tun yana goye, zai yi rajistar JAMB, wadda tun 2021 ba ta yiwuwa sai da lambar NIN. Ya ce in sa sunansa a gurbin uba, ai shi ya ci da shi, ya sha da shi. Na fahimce shi sarai, amma na ƙi.

A shari'ar Musulunci, wadda kotunanmu na Katsina ke bi wajen aure da gado, riƙo abin yabo ne, amma ba ya sauya nasaba. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira yaro da sunan mahaifinsa. Don haka ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa, na mahaifinsa yake ci. Mai son ya bar masa wani abu sai ya ba shi kyauta tun yana raye, ko ya yi wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. Haka nan haƙƙin reno a mazhabar Malikiyya na uwa ne tukuna, sannan kakar wajen uwa.

Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta zo da wani tsari dabam, inda kotu ke iya mayar da haƙƙin iyaye kacokan ga wanda ya ɗauki yaro. Sai dai kotu ce ke yin haka, ba takardar mai unguwa ba, kuma kowace jiha da tata dokar. Katsina ta yi tata ta kare yara a 2020.

A matsayina na mai rubuta manhaja, abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda kuskure ɗaya ke yaɗuwa. NIN na haɗe da layin waya, da asusun banki, da fasfo. Ka sa sunan da ba shi ba yau, bayan shekara 20 a zo rabon gonar mahaifin yaron na gaskiya, wani ya ɗaga takarda ya ce ai ba ɗan gidan ba ne. Gyara a NIMC kuma sai da kuɗi da takardar rantsuwa ta kotu.

Sai batun masu tallar jarirai a Facebook da WhatsApp da sunan taimako. Duk inda kuɗi ya shiga, fataucin mutane ne a ƙarƙashin dokar 2015 da NAPTIP ke aiwatarwa. Ba mu manta yaran Kano da aka gano a Onitsha a 2019 ba, an sayar da su, an sauya musu suna.

Shi dattijon, a ƙarshe mun sa sunan marigayi ƙaninsa a gurbin uba, nasa kuma a gurbin dangi mafi kusa.