Kati ba ya magana: yadda za a tuna da kai bayan taron 'yan kasuwa

Mu 'yan ajin ƙarshe kusan kowa da abin da yake taɓawa: wata turaren wuta, wani gyaran waya, wani ɗinki. Difloma ta kusa ƙarewa, aikin albashi kuma kowa ya san halin da ake ciki. Shi ya sa duk inda aka ce bitar SMEDAN, ko baje kolin da KADCCIMA ke shiryawa a Rigachikun kan hanyar Kaduna, sai ka ga ɗalibai sun yi ɗango. A raba kati, a ɗauki hoto, a watse. Bayan mako guda babu wanda ya kira.

A ganina matsalar ita ce muna zuwa neman a san mu, alhali ɗan kasuwa wanda zai amince da shi yake nema. Wannan tsohon abu ne. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda fataken shanu ke sauka wurin maigida, a sayar wa mahauta bashi, maigidan ne ke tsayawa a kan kuɗin. Har yau a kasuwar Tudun Wada, "yaron wane ne" ya fi kowane kati nauyi. To, kafin ka je taro, nemi wanda zai gabatar da kai: malaminka, ko mai shagon da ka yi SIWES a wurinsa.

Idan ka samu shiga, kar ka yi gaggawa. Babba ne, gaishe shi yadda ya kamata, "Alhaji, ranka ya daɗe," ka bari ya gama da na gabanka. Sannan ka faɗi sana'arka yadda mai sayar da kayan miya ma zai gane. "Ina harkar dijital" ba magana ba ce, wallahi. Ka ce kana ɗaukar hoton kayan shago, ka ɗora a WhatsApp da Facebook, kuɗinka kaza a wata. Kuma ka tafi da samfur. Kwalbar humra ɗaya da Hajiya za ta shinshina, ta kai gida, ta fi kati ɗari. Ka tambaye shi ma abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya a shagonsa, ka yi shiru ka saurara. Nan ne za ka gano ko yana buƙatarka.

Idan ya tambayi rajistar CAC ko asusun banki da sunan sana'a, ka faɗi gaskiya, ko da ba ka yi ba tukuna. Zariya ƙarama ce, zai ji.

Inda yawancinmu ke faɗuwa shi ne bayan taron. Kafin ku rabu, ɗauki ƙaramin alkawari mai rana: "Zan kawo maka farashi ranar Laraba bayan la'asar." Laraba ta yi, ka je da ƙafarka, ko da ana ruwa. Saƙon waya kuwa ka fara da sunanka da inda kuka haɗu, ba "slm" kaɗai ba, kuma don Allah kar ka jefa shi cikin gurup ba da izininsa ba.