Gwajin ƙwayoyin gado kafin dashen ciki: Me ya sa bayanin ke yi wa ma'aurata wuyar fahimta?

Ma'auratan da ke neman haihuwa ta hanyar IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaji, sukan sa hannu a takardar amincewa kafin a yi wa ɗan tayin gwajin ƙwayoyin gado. Sai dai galibi takardar da ƙasidun da ke tare da ita cike suke da Turancin likitoci, wanda ko mai digiri sai ya yi da gaske kafin ya gane.

Gwajin, da ake kira PGT, likitocin asibitin Hammersmith da ke Landan ne suka fara bayar da rahoton samun ciki da shi a shekarar 1990. A yau, kwana 5 ko 6 bayan haɗa ƙwan, akan ɗebi 'yan ƙwayoyi daga ɓangaren da zai zama mabiyiya, a bincika, sannan a zaɓi wanda za a dasa a mahaifa.

Gwajin iri-iri ne. PGT-A yana duba ko kuromosom 46 na ɗan Adam sun cika daidai, yayin da PGT-M ke neman wata cutar gado guda ɗaya, kamar sikila. A Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, wanda bai san wannan bambanci ba yana iya biyan kuɗin gwajin da ba shi yake buƙata ba.

Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ba da shawarar kada bayanin da ake ba majiyyaci ya wuce abin da ɗan aji shida zai iya karantawa. Akan auna sauƙin rubutu da ma'aunin da Rudolf Flesch ya fitar a 1948, wanda ke ƙirga tsawon jimla da gaɓoɓin kalma. Amma don Turanci aka yi shi, kuma gajeriyar jimla ma tana iya ɓatar da mai karatu.

Misali, idan miji da mata duka AS ne, akan rubuta cewa yiwuwar haifar mai SS kashi 25 ne cikin 100. Wasu sukan ɗauka cewa in an haifi ɗaya mai sikila, ukun da ke tafe sun tsira. Alhali kowane ciki da nasa lissafin: ɗaya cikin huɗu, komai yawan haihuwar da ta gabata.

Abubuwa uku ya kamata kowace ƙasida ta faɗa ƙarara. Gwajin ba ya gyara ɗan tayi, tantancewa kawai yake yi. Ba ya tabbatar da cewa cikin zai zauna, kuma ana iya ƙarewa ba a samu wanda ya dace a dasa ba. Sannan sakamakon kan zo da kuskure jefi-jefi, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar sake tabbatarwa bayan ciki ya shiga.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta buƙaci ma'aikacin lafiya, gwargwadon iko, ya yi wa majiyyaci bayani da harshen da yake ji, tare da la'akari da zurfin karatunsa. Don haka ma'aurata na da hurumin neman a fayyace musu da Hausa, su kuma maimaita wa likita abin da suka fahimta da bakinsu, kafin su ɗauki biro.