Cizal ɗin fasa kankare: kafin a ce jabu ne

Duk inda leburori suka zauna a Talata Mafara ko Bakura, da an taɓo zancen injin fasa kankare sai ka ji an ce ai ƙarfen yanzu duk jabu ne, cizal ba ya kwana biyu sai ya karye. Akwai jabu a kasuwa, ba musu. Amma yawancin cizal ɗin da ke karyewa, hannun mai aiki ne ke kashe su.

Kankaren yankin nan ba na wasa ba ne. Kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar Bakolori a 1978, aka shimfiɗa magudanan ruwa da suka ratsa gonakin Maradun da Mafara da Bakura. Kankare kuwa ƙara tauri yake yi da shekaru, don haka duk wanda gyara ya kai shi ga fasa shi, kamar a shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gamu da abu mai ƙwari, ga rodi a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da ake kwara wa cizal in ya yi zafi. Mai aiki ya kafa shi wuri ɗaya yana ta duka har bakin ya yi shuɗi, sai ya ɗauko jarka ya zuba masa, wai yana taimakonsa. Shuɗin nan alama ce zafi ya kai kusan digiri 300, taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta ya fara gushewa. Ruwan sanyi kuma sai ya sa bayan ƙarfen ya tsuke nan take alhali cikinsa na nan da zafi, kamar ƙwan fitila da ruwa ya ɗiga wa tana ci. Tsagar ba ta ganuwa a ranar. Sai jibi ana cikin aiki cizal ya ɓalle gida biyu, a ce ɗan kasuwa ya ci amana. Haka ma kai shi maƙera a zuga masa wuta har ya yi ja a tsoma a ruwa. Maƙeranmu gwanaye ne a kan garma da gatari, amma wannan ƙarfen an gasa shi ne da ma'auni, kuma ido ba ya maye ma'aunin. In ya dakushe, a wasa shi a hankali, ana dakatawa kafin launinsa ya sauya.

Ƙa'idar masu ƙera injinan ita ce kada a wuce daƙiƙa 15 zuwa 30 a wuri guda. In kankare bai tsage ba, a matsa, a fara daga gefe. Cizal ya tsaya cak a kan abin da ake fasawa, ba a karkace ba, kuma ba a ɓanɓarar dutse da shi. Cizal ɗin da ke hannun katafila yana son giris kowane awa biyu, irin mai jure zafi, domin na mota narkewa yake yi ya tsiyaye.

Nan ne nake ganin laifin masu ba da aiki. Za su sayi inji na miliyoyi, su ƙi sayen giris da tabarau. Ka duba kan cizal ɗin hannu da guduma ta daka har ya baje, gefensa ya yi tsage-tsage: ɓarɓashin nan ne ke tashi ya shiga ido. Mintuna kaɗan za a ɗauka a goge shi.

Ruwan da ake ɓata wa cizal, kankare ya kamata a yayyafa wa, don ƙurarsa na daskarewa a huhu har ta hana numfashi. Zamfara ta ga abin da ƙurar dutse ke yi a 2010, lokacin da gubar dalma da ke cikin ƙurar ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum. Duk da haka za ka tarar da matashi cikin farar ƙura, ya ɗaure hanci da tsumma, mai kwangila kuwa na can cikin mota.