Masu Zuwa Gida Daga Ƙasashen Waje: A Tuna Musu Da Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro

A wannan mako filin namu zai yi magana ne a kan 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje, waɗanda sukan zo gida ganin dangi da Salla, ko biki, ko hutun makaranta. Yau da wuya ki sami unguwa a Kano ko Zariya ko Damagaram wadda ba ta da ɗa ko 'ya a Ingila, ko Amurka, ko Masar, ko Makka. Waɗansu karatu ya kai su, waɗansu aure, waɗansu kuwa neman abinci.

Ran da aka ce suna tafe, uwargida ba ta da sauran zama. A share ɗaki, a daka yaji, a yi dambun nama, a shimfiɗa sabon zanen gado. To, akwai abu guda da aka cika mantawa da shi, kuma mantuwar tana iya kai mutum kushewa, watau maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Ɗan gida ne, amma jikinsa ya zama baƙo

Na san wata za ta ce, ai a nan aka haife shi, a nan ya girma, sauron da bai kashe shi yana yaro ba me zai yi masa yanzu? Ga amsa. Mu da muke zaune a nan, sauro yana cizonmu shekara da shekaru, saboda haka jikin babba ya ɗan saba da ƙwayar cutar. Za ta kwantar da shi, amma galibi ba ta yi masa mugun kamu irin wanda take yi wa ƙananan yara. Wannan sabo ba na har abada ba ne. Da mutum ya koma ƙasar da babu cutar, sai garkuwar jikinsa ta dinga raguwa, har ya wayi gari kusan ɗaya yake da wanda bai taɓa zuwa Afirka ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. 'Ya'yan da aka haifa a can kuwa, ba su da wannan garkuwa ko kaɗan, domin ba a gadonta.

Kada kuma ki ɗauka ƙasashen Turawa kaɗai ake nufi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da cutar daga Daular Larabawa a 2007, daga ƙasar Sin a 2021, daga Masar a 2024. Haka nan ba a ɗaukarta a cikin biranen Makka da Madina da Jidda. Ashe ke nan ɗalibar da ta yi shekaru a Alƙahira, da jikanki da ya tashi a Jidda, duk maganar nan ta shafe su.

Abin ba na wasa ba ne. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a Nijeriya suke. Irin ƙwayar cutar da ta fi yawa a ƙasashenmu, wadda likitoci suke kira falsifarum, ita ce mafi haɗari, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda cikin 'yan kwanaki. A wannan shekara ta 2023 fiye da mutum 2,000 ne suka koma Ingila da cutar a jikinsu, kuma mafi yawansu waɗanda suka je ganin dangi ne a Afirka.

Magunguna uku da likitoci suka fi bayarwa

Maganin rigakafi ana shansa ne mutum yana lafiya lau. Ana fara shi kafin a taso, a ci gaba da sha duk tsawon zama, sa'an nan a ɗora bayan an koma. Guda uku ne aka fi ba masu zuwa Afirka ta Yamma.

Na farko shi ne atovaquone-proguanil, wanda aka fi sani da Malarone. Ƙwaya ɗaya ake sha kullum tare da abinci ko madara. A fara kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a ci gaba har kwana 7 bayan komawa. Ya fi sauran tsada, amma bai cika damun mutane ba. Akwai ƙananan ƙwayoyinsa na yara. Ba a cika ba mai ciki ba, kuma ba a ba mai ciwon ƙoda mai tsanani.

Na biyu doxycycline, miligiram 100 kullum ga babba. Shi ma a fara kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, amma sai an yi mako 4 ana sha bayan komawa. Yana da araha. Lalle ne a sha shi da ruwa mai yawa bayan an ci abinci, kada kuma a kwanta nan take, domin in ya maƙale yakan ƙona maƙogwaro. Yakan sa fata ta kasa jure zafin rana, kuma yakan jawo wa waɗansu mata ƙaiƙayin gaba. Ba a ba mai ciki, ba a ba ƙananan yara, saboda yana ɓata haƙoran da ke fitowa. A Amurka sai yaro ya kai shekara 8, a Ingila shekara 12.

Na uku mefloquine, wanda ake sayarwa da sunan Lariam. Shi ƙwaya ɗaya ce a mako. A fara mako biyu zuwa uku kafin tafiya, don a ga ko ya karɓi mutum, a ci gaba har mako 4 bayan komawa. Yakan kawo wa waɗansu mugayen mafarkai, da jiri, da rashin barci, da firgita. Wanda ya taɓa fama da farfaɗiya, ko ciwon damuwa, ko taɓin hankali, kada ya sha, kuma kada kunya ta hana shi gaya wa likita gaskiya.

Likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna shi ne zai zaɓa wa kowa nasa, bisa ga shekarunsa da nauyinsa da lafiyarsa da sauran magungunan da yake sha. Ba daidai ba ne uwa ta gutsura wa yaro nata da ka.

Don me ake ci gaba da sha bayan an koma?

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Da sun sauka daga jirgi, suka ga ba sauro, sai su jefa sauran maganin cikin akwati. To, ku saurara. In macen sauro ta ciji mutum, ƙwayar cutar hanta take fara zuwa, ta ɓuya can kamar mako guda ko fiye tana hayayyafa, mutum bai ji kome ba. Daga nan ne take fantsama cikin jini, zazzaɓi ya tashi. Doxycycline da mefloquine a cikin jini suke tare ta, saboda haka dole a yi mako 4 ana jiran fitowarta. Malarone yana cim mata tun tana hanta, shi ya sa kwana 7 ya isa. Cizon daren ƙarshe, daren ban kwana da aka raba dare ana hira a tsakar gida, shi ne sauran ƙwayoyin nan suke tsarewa.

Saboda haka tun wajen saye a yi lissafi sosai. Misali, mai zuwa hutun kwana 21, in Malarone zai sha, yana bukatar 2 na kafin tafiya, 21 na zama, 7 na bayan komawa, ƙwaya 30 ke nan. In doxycycline ne, 2 da 21 da 28, ƙwaya 51 ke nan. A ƙara 'yan kaɗan, domin mun san halin tafiyar gida: biki yakan ja, jirgi yakan ɗaga.

A ina za a saya?

A can inda za su taso, kuma da wuri. Ya kamata su ga likita kamar mako huɗu zuwa shida kafin tafiya, ko da yake wanda tafiya ta zo masa ba shiri, kamar ta rasuwa, shi ma yana da maganin da zai iya farawa ana gobe zai tashi. Sau da yawa daga aljihunsu za su biya, shi ya sa waɗansu sukan ce bari in na iso gida na saya da araha. Wannan dabara tana da illa biyu. Ta farko, an makara wajen farawa. Ta biyu, ana iya faɗawa hannun masu jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Wanda ya iya biyan kuɗin jirgi da tsaraba, kada kuɗin magani ya gagare shi.

In ya zama tilas a saya a nan, to, ke uwargida ki tsaya a kai. A je kantin magani mai rajista. A duba lambar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace. In kwalin yana da wurin kankarewa, a kankare a aika lambar ta waya, a jira amsa. Kada a sayi maganin da ake talla a faranti ko a tasha, wanda ya wuni cikin rana, ko wanda aka ƙirgo a ƙulla a leda ba suna.

Abubuwan da ba za su tsare baƙo ba

Iyayenmu sun san kulorokwin, sun kuma san Daraprim da ake sha ran Lahadi. Sun yi amfani a zamaninsu, amma ƙwayar cutar ta daina jin su, har Nijeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko tun 2005. Coartem da ire-irensa na warkarwa ne, ana sha kwana uku bayan gwajin jini ya nuna akwai cutar. Shan su ran da aka iso, wai don a wanke jiki, ba ya hana kamuwa gobe. Fansidar da ake ba masu ciki wajen awo, da maganin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar da damina, an tsara su ne domin mazauna ƙasa. Haka ma allurar rigakafin da aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024. Jiƙon ganyen darbejiya da sauran saƙe-saƙi kuwa, kada a dogara da su a kan ran baƙo.

Mai ciki da mai jego

Al'adarmu ce yarinya ta zo gaban iyayenta goyon ciki ko wankan jego, kuma kowace uwa tana son haka. Amma fa ki sani, zazzaɓin nan ya fi tsanani ga mai ciki. Yana kawo ƙarancin jini, da ɓari, da haihuwar bakwaini, har da rasa uwar. Shi ya sa likitoci suke ba mai cikin da ke zaune a ƙasar da babu cutar shawara ta ɗaga tafiya in da hali. In kina da iko, ke ki je ki same ta. In kuwa zuwan ya zama dole, mefloquine ne aka fi ba masu ciki, shi ma sai da izinin likita.

Jariri kuma nonon uwa ba ya ɗauke da maganin da zai ishe shi, ko da uwar tana sha. Nasa dabam ne, gwargwadon nauyinsa. Mai ciwon sikila shi ma a kula da shi ƙwarai, domin zazzaɓin yana tayar masa da ciwo.

Aikinki na mai masauki

Babu maganin da yake tsarewa ɗari bisa ɗari, saboda haka sai an haɗa da hana cizo. Ki ɗaura wa kowane baƙo gidan sauro mai magani, ki duba ko ya huje. A gyara ragar taga, a fesa maganin sauro kafin magariba, a zubar da ruwan da ya kwanta a gwangwani da tsofaffin tayoyi, a rufe randa. Da yamma yara su sa riga mai dogon hannu, a shafa musu man korar sauro mai DEET. Ki ɗaura shan maganin da wani abu da ba a mantawa, kamar karin kumallo. In da azumi ne, a sha bayan buɗa baki. Kuma don Allah a bar yi musu dariya ana cewa sun zama Turawa. Gorin nan ya sa mutane da yawa sun ajiye maganinsu.

In baƙo ya yi zazzaɓi, ko sanyi da rawar ɗari, ko ciwon kai da amai, a kai shi asibiti a gwada jininsa a ranar, ko da yana shan maganin. Kada a tsaya ana ba shi farasitamol ana cewa gajiyar hanya ce. Ran da za su koma kuma, ki ja kunnensu: duk zazzaɓin da ya taso cikin shekara guda, musamman a watanni ukun farko, su je asibiti nan da nan, su faɗa da bakinsu cewa daga Afirka ta Yamma suka dawo. Likitan can yana iya ɗauka mura ce in ba a gaya masa ba.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ku ne masu riƙe da waya a gida. Ku karanta wa iyaye wannan bayani, ku aika wa yaya ko gwaggo da ke waje tun kafin ta yanki tikiti. Wata rana ma wataƙila ke ce za ki tafi karatu, ki dawo hutu. In ranar ta zo, ki sa maganin cikin jakar hannunki kafin ki sa tsaraba.

Allah ya kawo mana su lafiya, ya mai da su lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.