Uwa ɗaya, uba ɗaya, ƴaƴa 18: labarin wani fim na Amurka

A shekarar 1968 gidajen silima na Amurka sun nuna wani fim na ban dariya mai suna "Yours, Mine and Ours", wato naka da nawa da namu. Melville Shavelson ne ya shirya shi, manyan ƴan wasa biyu kuma, Lucille Ball da Henry Fonda, suka fito a matsayin mata da miji. An kashe wajen dalar Amurka miliyon 2 da rabi wurin yinsa, ya maido fiye da miliyon 25.

Labarin ba ƙagagge ba ne. A jihar Kalifoniya akwai wani sojan ruwa, Frank Beardsley, wanda matarsa ta rasu a 1960 ta bar masa ƴaƴa 10. A cikin wannan shekara kuma wata mace, Helen North, ta rasa mijinta a haɗarin jirgin sama, ya bar ta da ƴaƴa 8. Suka yi aure a 1961, daga baya suka sami ƙarin ƴaƴa 2. Helen ta rubuta labarin gidan nan a wani littafi da ya fito a 1965, daga cikinsa ne aka ɗauko fim ɗin, ko da yake an sauya abubuwa da dama don a ba mutane dariya.

A cikin fim ɗin Helen ma'aikaciyar jinya ce a asibitin sojan ruwa. Da suka fara neman juna, kowannensu ya ɓoye yawan ƴaƴansa, don tsoron kada ɗayan ya gudu. Ran da gaskiya ta fito, sai suka ga abin ya fi ƙarfinsu, suka rabu, har wani abokin Frank ya yi dabara ya sake haɗa su. Amma ƴaƴan ba su yi maraba da wannan aure ba. Ran da Helen ta zo cin abinci gidan Frank karo na farko, samarin gidan suka zuba mata barasa mai ƙarfi a cikin abin shanta, ta rikice a gaban jama'a, tana dariya tana kuka. Mai kallo zai yi dariya, amma abin da yaran ke nufi a fili yake: ba su son wata mace ta zauna a mazaunin uwarsu.

Bayan aure, Frank ya tsara gidan kamar yadda ake tsara jirgin yaƙi. Ya ba kowane yaro lamba, ya raba musu ɗakunan kwana da wuraren wanka, ya sa wa kome lokaci. Da wannan tsari aka ci, aka sha, aka tafi lakkol a kan kari. Sai dai tsari bai hana a riƙa cewa "naka" da "nawa" ba. Gidan ya zama sansani biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Inda fim ɗin ya fi nauyi shi ne batun Philip, ɗaya daga cikin ƴaƴan Helen. Yaron nan ya ɗauki Frank uba da zuciya ɗaya, har ya rubuta sunan Beardsley a takardarsa ta lakkol. Malamar aji ta ce a gaban doka sunansa North, ba shi da ikon amfani da wani suna. Rigima ta tashi a aji. Daga nan iyayen suka yi shawarar zuwa gaban alƙali, kowa ya karɓi ƴaƴan ɗayan su zama nasa. Manyan yaran suka ƙi, domin a ganinsu yin haka kamar sake binne iyayensu da suka rasu ne. Ba su sauko ba sai da Helen ta haifi ɗa na 19, wanda duka ɓangarorin biyu suke da jini ɗaya da shi. A ƙarshe babban ɗan gidan, Mike, ya yi ban kwana da su ya tafi aikin soja, a zamanin da Amurka ke yaƙin Biyetnam.

Mai karatu na ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan magana. Harshenmu yana da sunan yaron da uwa ta zo da shi gidan sabon miji, wato agola, yana kuma da kalmar ƴan ubanci. Akwai bambanci ɗaya babba: Musulunci bai yarda a cire wa yaro sunan mahaifinsa ba, amma ya ɗora wa mai riƙo nauyin kyautata wa maraya. Saboda haka maganin da alƙalin Amurka ya bayar ba shi ne namu ba, ciwon kuwa iri ɗaya ne. Abin da Philip yake nema shi ne kada a ware shi wurin rabon abinci, da tufa, da kuɗin lakkol, da kyakkyawar magana.

An sake yin fim ɗin a 2005 da Dennis Quaid da Rene Russo. Helen ta rasu a 2000, Frank kuma a 2012. A 2013 ɗaya daga cikin ƴaƴan Helen, Tom North, ya buga littafi inda ya ce zaman gidan bai yi daɗi ba kamar yadda silima ta nuna, ya zargi mijin uwarsa da tsanani da duka. Wasu daga cikin ƴaƴan Frank sun musa wannan zargi.

Ko wace ce gaskiya, darasin yana nan ga duk mai niyyar auren bazawara mai ƴaƴa, da duk matar da za ta shiga gidan marayu. Ɗaurin aure yana haɗa mutum biyu a wuni ɗaya. Haɗa ƴaƴansu kuwa aikin shekaru ne, kuma ba ya yiwuwa sai da adalci da haƙuri.