Maganin da ya tashi wani, shi ya kwantar da wani

A watan Disamban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata 'yar na'ura ta kamfanin SD Biosensor na Koriya ta Kudu, wadda ke auna sinadarin G6PD da ɗigon jini daga ɗan yatsa cikin 'yan mintuna. Labarin ya wuce mu salin-alin, domin an kawo shi ne kan zazzaɓin cizon sauro nau'in vivax, wanda ya fi addabar Asiya da Kudancin Amurka. Wai ba namu ba ne. Alhali kuwa maganar tamu ce tsundum.

G6PD shi ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Wanda ya gaji ƙarancinsa, galibi namiji, lafiyarsa ƙalau har ranar da zai sha wani magani: ƙwayoyin jinin su farfashe, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Kimanin mutum miliyan 400 ne ke da wannan ƙaranci a duniya, kuma wasu binciken a Najeriya sun same shi a kusan namiji ɗaya cikin biyar.

Tarihin abin bai da daɗin ji. A 1956 aka gano shi, a jikin fursunoni baƙaƙen fata na gidan yarin Stateville a Amurka, waɗanda ake gwada maganin primaquine a kansu. Shekara 52 bayan haka, a 2008, kamfanin GlaxoSmithKline ya janye Lapdap, maganin zazzaɓin da aka haɗa musamman don Afirka, saboda yana kashe jinin yara masu wannan gado. An san matsalar tun da daɗewa, amma sai da ta kama 'ya'yanmu aka ja birki.

Yanzu a leƙa kasuwar Dembé da ke N'Djamena, wurin masu tallar magani da ake kira dokta shuku. Ana tsinke ƙwaya daga falle a miƙa wa ɗan acaɓa, ba takarda, ba tambaya sai "ina ke ciwo?" In ya jigata, a ce jabu aka ba shi. Ba kullum ba ne jabu; wani lokaci ƙarancin G6PD ne. Tramol ma haka yake bambanta mutane, ko da yake ba ta hanyar G6PD ba: hantar wani na sarrafa shi da gudu har numfashi ya tsaya, ta wani kuwa ba ta ko motsa shi, shi ya sa yake ƙara ƙwaya ta biyu da ta uku.

Abin da ya fi damuna ma yana cikin akwatin mai jego: ƙwallayen kafur da ake cusawa cikin kayan jariri. Ga mai ƙarancin G6PD, suna jawo shawara mai iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Mun saba da gwajin sikila kafin aure, har Kano ta mayar da shi doka. Me zai hana ma'aikatun lafiya na Chadi, Nijar da Najeriya su ajiye wannan na'ura a ɗakunan haihuwa, a rubuta sakamakon a katin rigakafin yaro? Gwajin yana cin kuɗi, amma bai kai kuɗin ledar jini da kwanan asibiti ba.